Kalmar Ƙirji a Hannun Masu Ƙamus

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder a shekarar 1973, inda aka soma koya wa yara karatu da rubutu da Hausa kafin a kai su ga Faransanci, masu shirya littattafai suke fama da wani aiki wanda ba ya ƙarewa, watau zaɓen kalma. Darasin sassan jiki yana cikin darussan farko, a makarantar yara da ajin yaƙi da jahilci duka, domin ana ɗauka shi ne mafi sauƙi: a zana mutum, a ja kibiya, a rubuta kai, wuya, hannu, ƙafa. Da kibiya ta iso tsakanin wuya da cibiya sai sauƙin ya ƙare. A nan Hausa tana da ƙirji, tana da gaba, tana da zuciya da nono, har ciki ma yana da rabonsa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta tsaya daidai inda takwararta ta Faransanci ko ta Ingilishi ta tsaya. Mai shirya littafi kuwa, in abu ya shige masa duhu, ƙamus yake buɗewa. Wannan sharhi a kan abin da yake tararwa ne a can, da dalilin da ya sa bai kamata ya ɗauke shi yadda ya same shi ba. Al'amarin ya ƙara nauyi tun 2025, shekarar da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, domin littattafan da za a rubuta da ita sai ƙaruwa za su yi.

Ƙasar Damagaram tana da hannu cikin aikin ƙamus na Hausa tun farkonsa, ko da yake ba a cika faɗin haka ba. Dorugu, yaron ƙauyen Dambanas na ƙasar nan da aka kama aka kai shi Barno cikin bauta, shi ne Overweg ya ƴanta, sa'an nan ya bi Barth. Tare suka sauka Zinder a ƙarshen watan Disamba 1852, tare suka isa Ingila a 1855. Daga bakinsa J. F. Schön ya ɗebi babban rabo na Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 da ita, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Ke nan Hausar da Turai ta fara karantawa da yawa Hausar ƙasar nan ce. Amma fa kunnen Schön bai raba k da ƙ ba, kuma rubutunsa ba ya nuna karin sauti, saboda haka ƙirji ta shiga takarda ba tare da baƙinta na farko na gaskiya ba. Bayansa aka sami ƙamusun Robinson na 1899 da 1900, da na Landeroin da Tilho wanda ya fito daga aikin shata iyaka tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi na 1906 zuwa 1909, sai kuma manyan biyu da har yau ake komawa gare su: na Bargery a 1934, mai kalmomi wajen 39,000, da na Abraham a 1949.

Abin lura shi ne manyan nan biyu da Ingilishi suke bayani. Ɗan Nijar da ya yi karatu da Faransanci, in zai amfana da su, sai ya bi ta harsuna biyu kafin ya komo gida. Ingilishin da ke cikinsu kuma ba na yau ba ne.

Mai rubuta ƙamus a zamanin Schön ko Robinson yana da kalmomi uku a hannu domin wannan sashe na jiki. Ta farko, “chest”, asalinta akwati ce, daga Latin “cista”, sai bayan ƙarnoni aka ɗora ta a kan akwatin haƙarƙari. Ita ce ta yi rinjaye daga baya. Ta biyu, “breast”, tsohuwar kalma ce da ta haɗa namiji da mace, har da mazaunin tunani da tausayi, amma a bakin mutanen yau ta tsuke ta koma kusan nonon mace kaɗai. Ta uku, “bosom”, ta fi su faɗi a da, ta kuma fi su tsukewa yanzu. A tsohon Ingilishi siffarta “bosm” ce, ƴar'uwar “Busen” ta Jamusanci da “boezem” ta mutanen Holan. Tana nufin gaban jikin mutum, tana nufin wurin da hannuwa biyu suke kewayewa in an rungumi wani, tana nufin lanƙwasar riga a saman ɗamara inda ake ɓoye kuɗi ko takarda, sa'an nan tana nufin inda mutum yake ajiye asirinsa. Masanan Ingilishi sun bi sawunta har zuwa reshen yamma na dangin harsunan Jamusanci, a nan suka tsaya. Abin da ke bayan nan hasashe ne, kuma manyan ƙamusoshinsu da sunan hasashe suke kawo shi. Wannan kamun kai abin koyi ne, za a kuwa komo kansa.

To, ma'anoni huɗun nan da kalma guda ta ɗauka a Ingilishi, Hausa ta raba su ga kalmomi dabam-dabam, kuma ƙirji ɗaya kawai ta samu. Ta biyu runguma ce. Ta uku aljihu, kuma labarin aljihu yana da daɗi: daga Larabci aka aro shi, “al-jaib”, wanda asalinsa wuyan riga ne, inda ta buɗe a kan ƙirji, daga baya ya zama wurin ajiya. Duk wanda ya dubi babbar riga ya san inda aljihunta yake, a kan ƙirji, inda aka zuba aikin aska. Faransanci ma ya bi irin wannan hanya, domin “sein” daga Latin “sinus” take, watau lanƙwasar tufa, kafin ta koma nono. Ma'ana ta huɗu kuwa, mazaunin asiri, Bahaushe ciki ya ba ta. Mai riƙe magana zurfin ciki gare shi, wanda ya ƙi faɗa ya bar wa cikinsa, murna farin ciki ce, ɓacin rai baƙin ciki. Ba a cewa mutum yana da zurfin ƙirji. Wanda ya ga ɗaya daga cikin tsofaffin kalmomin Ingilishi a gaban ƙirji, ya ɗauka duk kayan da ke kanta nata ne, ya ɗora wa ƙirji abin da Hausa ba ta ɗora mata ba. Wanda kuma ya karanta su da ma'anar yau, ya juya su zuwa “sein”, ya mai da ƙirji nono.

Abin da Hausa ta ɗora wa ƙirji nata ne, kuma bai yi kama da na kowa ba. Ƙirji fili ne da ake gani, a nan ake nuna ƙarfin hali: mutum ya bugi ƙirji ya ce shi zai yi, wadda nauyin buki ya rataya a wuyanta ita ce ƙirjin biki, mace ta ji mugun labari ta dafe ƙirji. Duk aiki ne na waje, na idon jama'a. Abin da ke faruwa can ciki, in tsoro ne gaba ce take ɗaukarsa, in fushi ne ko himma zuciya. Gabansa ya faɗi. Ya yi zuciya ya tafi. Faɗuwar gaba asarar namiji. Akwai dai wuri guda da ƙirji take zama ma'ajiyar abin ɓoye, shi ne bakin malamai a wurin tafsiri, inda ake mayar da “sadr” ƙirji, jam'inta “sudur” ƙiraza, a bar zuciya ga “ƙalb”. Ga dukkan alamu wannan ma'ana ta zaure ce, Larabci ya kawo ta. Ko a can ma ba kullum take zama ba: a tarjamar Shaihu Abubakar Gumi an sa ƙiraza a Suratun Nasi, amma a farkon Alam Nashraha, inda kalmar Larabcin ita ce dai, zuciya aka sa, domin buɗe ƙirji a kunnen Bahaushe ya fi kusa da aikin mahauci ko likita. Ƙamusun da bai nuna cewa wannan ma'ana ta malamai ce ba ya ruɗa mai koyo, kamar yadda wanda ya yar da ita ɗungum ya tauye harshen.

Gaba ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce ta fi shan wuya a takarda. Haruffa huɗun nan suna ɗauke da kalmomi aƙalla uku. Akwai gaba mai gajeren wasali a farko da dogo a ƙarshe, suna ne na namiji, gaban jikin mutum. Akwai gaba mai gajerun wasula biyu, wadda aka ciro daga ta farkon, ita ce ta “ci gaba” da “nan gaba”. Akwai kuma gaba mai dogayen wasula biyu, ta mace, watau ƙiyayya, wadda ba ta da dangantaka da sauran sai a ido. Rubutun da Nijar ta bi bayan taron Bamako na 1966 yana ninka dogon wasali, kamar yadda sunan jaridar yaƙi da jahilci, Gangaa, yake nunawa, don haka a lokacin ukun nan a rabe suke. Taron Yamai na Janairu 1980 ya daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, aka bar ninkin. An sami riba babba, littafin Zariya ya karantu a Zinder ba tare da wahala ba; amma an biya kuɗinta, kuma gaba tana cikin kalmomin da suka biya. A cikin jimla mai karatu yakan gane wadda ake nufi, jinsi ma yakan taimaka, tun da gabansa dabam, gabarsu dabam. A jerin kalmomi kuwa, ko a ƙarƙashin zane, inda kalma take tsaye ita kaɗai, babu mai taimakonsa. In kuma na'urar buga rubutu ba ta da ƙugiya, sai gaɓa ta shigo ta zama ta huɗu.

Ita kanta gaba ta jiki ma'anarta ba ɗaya ba ce. Faɗuwar gaba a ƙirji take, amma ƙaiƙayin gaba ba a ƙirji yake ba, domin kunya ta sa an ari kalmar an rufe al'aura da ita, a zauren fiƙihu da ɗakin awo duka. Sa'an nan gaba ma'auni ce, daga kan yatsa zuwa kan yatsa in an miƙe hannuwa biyu, an ratsa ta ƙirji. Da ita ake auna igiya da zurfin rijiya, kuma mutanen Zinder, garin da ke zaune a kan duwatsu, wanda ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka ɗauke masa babban birni zuwa Yamai a 1926, ba su bukatar a koya musu abin da rijiya mai gaba 20 take nufi. Abin sha'awa, kalmar Ingilishi “fathom”, ma'aunin zurfin ruwa mai ƙafa 6, watau mita 1 da santimita 83, ita ma asalinta miƙaƙƙun hannuwa ce da runguma, har tana ɗaukar ma'anar ƙirji a tsohon harshen. Ba aro ba ne, ba kuma dangantaka ba. Jikin mutum ne iri ɗaya, da shi kuma kowa ya fara awo.

Wannan ya kawo magana kan asali, inda aka fi yin sakaci. Damagaram ƙasa ce da gidan sarautarta ya fito daga Barno, ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa, kuma kalmomin Barebari sun cika fadarta: ciroma, yarima, galadima. Greenberg ya nuna tun 1960 cewa har karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka iso Hausa. Saboda haka mai neman asali cikin gaggawa, in ya ji Barebari suna ce wa wannan sashe na jiki “nganji”, zai iya kama gaɓar ƙarshe ya ce ga uwar ƙirji. Kama da wane ba wane ba ne. Jam'in ƙirji ƙiraza ne, kuma shi yake tona saiwar, watau ƙirz-. Wasalin i ne ya ganɗanta z ta koma j, kamar a maza da miji, ko kaza da kaji. A yawancin karin harshen Nijar, inda ake furta j da taushi irin na Faransanci, dangantakar ta fi fitowa fili, daidai take da ta s da sh. Haka jam'i yake raba ƙirji da ƙirgi, fatar sa da aka jeme, wadda dukawan Zinder suka sani: ƙiraza a nan, ƙiraga a can. Da wannan hujja kuma ake kore ƙirga, ko da yake ƙirgen dangi a ƙirji yake fitowa.

Irin wannan bincike na cikin gida shi ne ya warware zuciya. Jam'inta zukata ya nuna akwai k a saiwar, zukt-, kuma ƙa'idar da Klingenheben ya bayyana a 1928 ta ce baƙi irin k, in ya zo a ƙarshen gaɓa, yakan koma u, kamar a talaka da talauci. Da haka zuk- ta zama zu- mai dogon wasali, t kuma ta koma c a gaban i.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi iyakar wannan hujja, domin akan wuce gona da iri da ita. Siffar jam'i irin ta ƙiraza ba ta tabbatar da tsufan kalma ita kaɗai. Sirdi, wanda dawakin Sarki Tanimun suka sha ɗauka, daga Larabci yake, “sarj”, amma jam'insa sirada ne, a kan wannan ma'auni dai. Musayar j da z ma ba ta isa ba, tun da canji baƙo ne na jiya daga Ingilishi, ga shi kuwa ya haifi canza. Abin da ya fi ƙarfi shi ne a haɗa hujjoji: babu ƙ a harshen Barebari, “nganji” ba ta da r, “sadr” ba ta yi kusa ba ko kaɗan, kalmar tana bakin Hausawa daga Adar har Zazzau, kuma sunayen sassan jiki suna cikin abin da harshe ya fi jinkirin arowa. In za a wuce nan, hanyar ita ce ta dangin Hausa na reshen yamma na harsunan Chadi, irin su Bolanci da Karekare da Ngizim da Bade, bisa ƙa'idojin sauyin sauti kamar waɗanda Newman da Ma suka fara shimfiɗawa a 1966. Ƙamusun kwatance na Skinner na 1996 ya tara kaya masu yawa domin wannan aiki, amma rumbu ne na abin da za a gwada, ba hukunci ba ne, kuma kuskure ne a kwafi jerin kamanninsa a zuba a littafin makaranta da sunan asali. Masanan Ingilishi, da duk tarin rubutunsu na shekaru fiye da 1,000, sun yarda su tsaya inda shaida ta tsaya a kan kalmarsu.

Ba a ce tsofaffin ƙamusoshin ba su da daraja ba. Bargery ya yi yawo, ya kuma nuna kalmar da ta Katsina ce ko ta Sakkwato, abin da mai aiki a Nijar yake matuƙar bukata. Abraham ya fi shi yawan misalai a cikin jimla, kuma a irin wannan kalma misali ya fi fassara amfani nesa ba kusa ba. Ƙaramin ƙamus na Abdou Mijinguini, na Hausa zuwa Faransanci, ya rage wa ɗan Nijar zango guda, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma ya yi bayanin Hausa da Hausa, wanda shi ne gyara na asali. Laifin yana ga yadda ake amfani da su, musamman a ƙananan jerin kalmomi na ƙarshen littafi, masu layi biyu, Faransanci a hagu, Hausa a dama, kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya. A irin wannan jeri “poitrine” sai ta ci ƙirji, alhali ita ma a Faransanci tana rufe nonon mace, “sein” ta ci nono, alhali nono a kasuwa abin sha ne a ƙwaryar Bafillata, “cœur” ta ci zuciya, gaba kuma ta rasa gurbi sam, domin babu kalmar Faransanci da za ta jawo ta. Kalmar da ta fi kowace yawo a bakin marasa lafiya ita ce jerin ya zubar.

A littattafan kiwon lafiya ne abin yake zama da haɗari. Marubucin da kunya ta hana shi rubuta nono ko mama, ya sa ƙirji a darasin sankara, ya tura mai karatu ga tari da huhu, matar da ake so ta lalubi jikinta ba za ta san da ita ake ba. Wanda ya sa gaba a darasin tarin fuka, yana nufin ƙirji, ya jawo wa malamar aji dariya ko shiru, kuma shirun ya fi muni. Mai jinya da ya ji faɗuwar gaba ya rubuta ciwon zuciya, wataƙila ya yi daidai, wataƙila kuma tsoro ne ko damuwa aka kawo masa. Ciwon zuciya kansa biyu ne, na tsoka da na takaici. Wanda ya bi “cage thoracique” kalma-kalma ya kawo keji, ya bar haƙarƙari da kowa ya sani, ya sa manomi neman tsuntsu a jikinsa.

Gyaran ba ya bukatar sabon taro. Kafin a buga darasin sassan jiki, a ɗauki zanen ba tare da rubutu ba, a kai shi Birni da Zango, a kai shi Mirriya da Magarya da Matamai, a nuna wa ungozoma da wanzami da mahauci da mai haƙar rijiya, kowa ya faɗi sunan inda aka taɓa, ya kuma sa shi a jimla. Mahauci yana da sunayen da likita ba shi da su, ungozoma ta san kalmar da mace za ta yarda ta furta a gaban mutane da wadda ba za ta furta ba. A jerin kalmomi kuma, kowace daga cikin biyar ɗin nan ta zo da jinsinta da jam'inta da jimla guda aƙalla, a kuma yarda a nuna tsawon wasali sau ɗaya a kan kalmar shiga, kamar yadda Newman da Newman suka yi a Sabon Ƙamus na 1977, ko da ba za a nuna shi a cikin darasi ba. Jam'in ƙiraza kuwa a sa shi tun a littafi na biyu, kusa da maza da miji, domin yaron da ya saba jinsa a tafsirin watan azumi ya gane cewa ƙirjin da yake dafawa ne ake nufi.